Layin da ba nasa ba: yadda katin wani tela ya kwana da shi a komisariya a Damagaram

Kawuna tela ne a Zango. Shekarunsa sun haura hamsin da biyar, kuma tun ina yaro a shagon nan na san shi: keken ɗinki biyu, benci ɗaya, da ƙusoshi a bango inda ake rataye manyan rigunan da aka gama. Ba zan kama sunansa ba, ba zan kama sunan kowa ba a cikin wannan rubutu, domin abin da ya same shi da ma daga yawo da suna ya taso. Da izininsa nake rubutawa, kuma abin da na gani da idona ne mafi yawa.

A goman ƙarshe na azumin 2025, lokacin da tela ba ya da sukunin ɗaga kai daga keke, aka kawo masa takardar sammaci. Kawu ya yi allo, bai yi lakwal ba, wato makarantar boko, don haka ya aiko yaron shago ya kira ni daga makarantar da nake koyarwa. Na tarar da shi riƙe da takardar da hannu biyu. Ya ce, "Mushe," kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan, "duba mini, ko kuɗin haraji ne?" Na duba. Ana son ganinsa gobe da safe a komisariya, wato ofishin 'yan sanda, a kan wata ƙara, ba a faɗi ko ta mece ce ba.

Da muka je aka kunna mana wani saƙon murya na WhatsApp, irin wanda muke ce wa bokal, tsawonsa bai kai minti uku ba. Wani ne yake kiran sunan wani Alhaji mai sayar da kayan abinci, yana cewa yana sake wa lalatacciyar shinkafa buhu yana sayar wa masu azumi, har da rantse-rantse. Saƙon ya yi kwana huɗu yana zagaya gari, daga gurup ɗin 'yan kasuwa zuwa na matan unguwa, har ya kai Mirya da Matamai. Alhaji ya ce ciniki ya tsaya masa cik a makon da ya fi kowane mako ciniki a shekara. Ya kai ƙara, kuma ban ga laifinsa ba.

Saƙon da aka tura daga hannu zuwa hannu ba ya nuna wanda ya fara yin sa. Alamar kibiya kawai yake ɗauka, mai nuna cewa turo shi aka yi. Sai da masu bincike suka bi shi gurup bayan gurup har suka kai inda ya fara fitowa ba tare da wannan alama ba. Lambar da ta saka shi baƙuwa ce, ta shiga gurup ɗin ta hanyar gayyatar da ake rabawa, ta ajiye saƙon, ta fice. Aka rubuta wa kamfanin wayar a hukumance a tambayi mai layin. Amsar da ta dawo: sunan Kawu, sunan mahaifinsa, ranar haihuwarsa, da lambar katinsa na ɗan ƙasa.

Jami'in ya karanto masa lambar wayar sau biyu. Kawu ya ce, "Wallahi ɗana, ban taɓa jin ta ba." Ya ciro wayarsa daga aljihun gaba, 'yar ƙarama mai maɓallai wadda ko hoto ba ta ɗauka, ya ajiye a kan tebur. Jami'in bai yi masa tsawa ba, Baba ma yake ce masa. Ya ce muryar ta saurayi ce, shi ma ya ji, amma mai layi yana iya ba wa yaronsa ko ɗansa, kuma takardar da ke gabansa sunan mutum ɗaya ta nuna. Aka ce zai zauna a tsare har a gama tambayoyi. A ƙa'ida tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya sabunta ta da izinin mai gabatar da ƙara. Na kai masa kunu da dabino ya sha ruwa a kan tabarma a bayan kanta, ɗinkin mutane sama da talatin na rataye a shago.

A nan ya kamata in tsaya in faɗi dalilin da ya sa maganar bokal ta kai ga kwana a tsare, domin mutane da yawa a garin nan har yau suna ɗaukar ta maganar fatar baki. A watan Yunin 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka yi dokar da ta cire ɗauri daga laifuffukan aikin jarida irin su ɓata suna. Aka yi murna da ita sosai. Sai a ranar 3 ga Yulin 2019 aka kafa doka mai lamba 2019-33 ta yaƙi da laifuffukan intanet, wadda ta ce ɓata suna ta hanyar sadarwar zamani na iya jawo ɗaurin wata shida zuwa shekara uku da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Da ita aka tsare 'yar jarida Samira Sabou a Yunin 2020 a kan rubutun Facebook, ta yi kusan mako bakwai kafin kotu ta sallame ta. A 2022, zamanin Bazoum Mohamed, aka gyara dokar aka cire ɗauri daga ɓata suna da zagi, aka bar tara. Ranar 7 ga Yunin 2024 Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu a kan dokar da ta dawo da ɗaurin: shekara 1 zuwa 3 da tarar miliyan 1 zuwa 5 a kan ɓata suna ko zagi, shekara 2 zuwa 5 da tarar miliyan 2 zuwa 5 a kan yaɗa abin da zai iya ta da hankalin jama'a ko ya taɓa mutuncin ɗan Adam. Wannan ta ƙarshe ba ta tambayar ko kai ɗan jarida ne ko tela. Waya kawai take nema, da sunan da ke kan layin.

Sunan da ke kan layin kuwa, mu duka mun san yadda ake rubuta shi. Tun fiye da shekara goma hukuma ta wajabta rajistar kowane layi da takardar shaida, har a ƙarshen 2013 aka rufe layuka kimanin miliyan 1.7 da ba a yi musu rajista ba. Manufar mai kyau ce, kuma ARCEP, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa, tana ci gaba da tunatar da su. To amma a aikace, a bakin tasha ko a gefen Kasuwar Dole, rajista tana nufin saurayi a ƙarƙashin lema da tebur da waya. Ka miƙa masa kati, ya ɗauki hotonsa gaba da baya, ya danna, ya ba ka layi. Kai ka tafi da katinka, hoton ya zauna a wayarsa. Gobe wani ya zo ba ya da kati, ko ya baro shi a ƙauye, ko da gangan ba ya son a san shi. Mai lema yana cin riba ne a kan kowane layin da ya sayar, kuma ga hotunan katuna cike da wayarsa. Shi kuwa mai mugun nufi ba ya ma buƙatar layin ya daɗe a hannunsa. Lambobi shida kawai yake jira su shigo ta gajeren saƙo ya buɗe WhatsApp da su, daga nan ko ya karya layin ya jefa a kwata, zai ci gaba da magana da wannan lamba ta intanet ɗin wani.

A daren farko da Kawu ya kwana a tsare abu na biyu ya faru, kuma shi ne wanda har yau ya fi yi masa ciwo. Wani shafin Facebook na labaran gari, irin waɗanda matasa ke buɗewa ba rajista ba edita, ya saka hoton katinsa na ɗan ƙasa baro-baro, fuska da suna da lamba da unguwa, ya rubuta a sama cewa asirin mai ɓata sunan bayin Allah ya tonu. Kafin sahur an raba shi ko'ina. 'Yarsa da ke aure a Tanut ta kira tana kuka. Da safe mata biyu suka aiko a karɓo musu yadinsu ko ba a ɗinka ba.

Na daɗe ina kallon hoton nan a wayata bayan asuba, raina a ɓace. Can na lura da abin da ke ƙarƙashin katin. An shimfiɗa shi ne a kan ledar tebur mai zanen jajayen furanni, gefe ɗaya ta ƙone kamar an ɗora mata garwashin shayi, ga kuma babban yatsan wani yana danne da kusurwar katin don kada iska ta ɗauke shi. Na kai wa Kawu na ƙara girman hoton. Ya kawo fuskarsa kusa, ya yi shiru, sannan ya ce, "Wannan ai teburin yaron nan ne na bakin tasha. Can na sayi layi lokacin da wayata ta faɗa ruwa, damina biyu ke nan." Tela ne, idonsa ba ya manta zane.

Abin da aka yi don a kunyata shi, shi ya zama shaidarsa. Muka nuna wa jami'in. Aka je aka zo da mai lema da yaronsa da wayar da suke aiki da ita. A cikinta aka tarar da hotunan katunan mutane masu ɗimbin yawa, maza da mata, wasu na tsofaffi daga ƙauyuka. Yaron ya amsa cewa shi ne, da ya ji sunan wanda aka kama, ya lalubo katin a cikin wayar ya tura wa abokansa na fada, wato majalisar hirar samari, don ya nuna ya san mutumin. Daga fada ya kai ga mai shafi. Maigidansa kuwa da farko ya musa, daga baya ya ce yakan "taimaka" wa wanda ba ya da kati, kuma ba zai iya tuna fuskar wanda ya sayi wannan layin ba. Aka kuma nemi ƙarin bayani daga kamfani. Kowace waya tana da lambarta ta ƙira mai alƙaluma 15, wadda ake gani in an danna *#06#, kuma kamfani yana ganin wayar da aka sa layi a cikinta da turken sadarwar da ta kama. Layin bai taɓa shiga wayar Kawu ba, kuma 'yan kwanakin da ya yi aiki ba a Zango ya yi su ba. Bayan kwana biyu aka sallame shi.

In an zauna an warware lamarin, ɓarna uku ce aka yi, kuma kowacce tana da dokarta. Ta farko ita ce wadda aka yi wa Alhaji, kuma dokar laifuffukan intanet ta tsaya masa da gaggawa: cikin mako guda an karɓi ƙara, an rubuta wa kamfani, an sami suna, an tsare mutum. Wanda ya yi bokal ɗin dai ya sha.

Ta biyu ita ce wadda aka yi wa katin Kawu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutum tun 3 ga Mayun 2017, aka sake ta da doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamban 2022, kuma akwai hukuma ta musamman a Yamai, HAPDP, wadda ta fara aiki a 2020, tana karɓar koke tana kuma iya hukunta mai laifi. Ginshiƙin dokar mai sauƙin fahimta ne, kuma duk wanda ya san hukuncin amana ya riga ya san shi. Abin da ka karɓa daga mutum don wata buƙata, ba ka juya shi ga wata buƙatar ba da yardarsa ba. Ba ka riƙe shi fiye da lokacin da buƙatar ta ɗauka. Wajibi ne ka tsare shi kada ya faɗa hannun wanda bai kamata ba. Mai bayanin kuma yana da haƙƙin ya tambayi abin da aka ajiye a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya nemi a goge. Mai lema ya taka dukan waɗannan: ya ajiye hoto shekara biyu, ya yi wa wani rajista da shi, ya bar wayar a hannun yaro.

Sai dai ni ban yarda a tsaya a kan mai lema ba. Saurayi ne da bai gama sakandare ba, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa hoton kati amana ce mai hukunci. Layin da yake sayarwa ba nasa ba ne, rajistar da yake cikewa ba tasa ba ce. Kamfani ne ya ba shi hanyar shigar da suna, kamfani ne yake ajiye sunan, kuma takardar kamfani ce aka shimfiɗa a gaban Kawu a matsayin hujja. A fahimtata, wanda ya tsara yadda za a tattara bayanai shi ne ke ɗauke da nauyin tsaronsu, ko da wani ya wakilta ya tattaro masa. In kati ɗaya ya yi rajistar layi bayan layi a tebur ɗaya a watanni daban-daban, na'urar da ke iya gane turken da waya ta kama ba za ta kasa gane wannan ba. Saƙo ɗaya tak zuwa tsohon layin mai katin, a ce an buɗe sabon layi da sunanka, da ya isa ya hana duk abin da ya biyo baya.

Ta uku ita ce ta mai shafi. Shi laifinsa biyu ne a haɗe: ya jingina wa mutum laifin da bai yi ba a bainar jama'a, wanda shi ne ainihin ɓata sunan da dokar 2024 ta hukunta, ya kuma baza katin mutum ba da izininsa ba. Ko da Kawu ne ya yi bokal ɗin, wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta ce, kuma lambar katinsa ba labari ba ce. 'Yan jaridar da suka koyi aiki a gidajen rediyon garin nan sun san haka. Masu shafuka da yawa ba su sani ba, alhali wasunsu sun fi rediyo saurin isa kunnen mutane. Da aka sallami Kawu, mai shafin ya goge rubutun a ɓoye. Bai rubuta ko layi ɗaya na gyara ba. Waɗanda suka ga zargi dubbai ne, waɗanda suka ji an wanke shi 'yan unguwa ne kawai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rashin daidaiton nan. Mun ƙara wa magana nauyi har ta kai shekaru a gidan kaso, kuma ina fahimtar masu cewa an gaji da cin mutuncin mutane a waya, domin na ga abin da bokal ɗaya ya yi wa Alhaji. Amma in hukunci ya yi tsanani, hujjar da ake kama mutum da ita ya kamata ta fi shi ƙarfi. Hujjar farko a irin wannan ƙara ita ce sunan da ke kan layi, kuma wannan suna ana rubuta shi ne a kan ledar tebur a bakin tasha. Dokar da ke hukunta magana kowa ya ji labarinta, har limamai suna gargaɗi da ita. Dokar da ke kare katin mutum kuwa, a cikin duk waɗanda suka zo yi wa Kawu jaje, ban sami mutum ɗaya da ya taɓa jin sunanta ba. Da Faransanci take, hukumarta kuma tana Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Kawu ya tsira ne don yana da ɗan 'yar'uwa mai karanta takarda, kuma don leda ta ƙone a inda ido zai gane ta. Tsohon da ya zo daga ƙauye wanda katinsa ke cikin waccan wayar ba lallai ya sami ko ɗaya ba.

Bayan salla aka zauna a zauren mai unguwa. Iyayen mai lema suka zo, mahaifin mai shafi ya zo da ɗansa, Alhaji ma ya zo da kansa, abin da ya ƙara masa daraja a idona. Ya ce, "Malam, ka yafe mini, takarda aka nuna mini." Kawu ya ce, "Alhaji, ni da kai duk an cuce mu." Iyayen mai lema suka kawo jikka 50, wato sefa dubu 50, a madadin ɗinkin da ya yi asara, ya karɓi rabi bayan an matsa masa. Na ce a sa mai shafi ya rubuta gyara ya bar shi a sama mako guda, aka amince, ya rubuta layi biyu. Da na kawo maganar kai shi ƙara, Kawu ya juya ga mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da na kwana biyu a wurin nan, ba zan zama sanadin ɗan wani ya yi shekara a can ba." Ban ƙara cewa komai ba. Haƙƙinsa ne, kuma na san daga inda maganar ta fito.

Amma sulhun zaure ba ya goge suna daga rajistar kamfani. Na rubuta masa takarda zuwa ofishin kamfanin, muka haɗa da kwafin katinsa, muka nemi a faɗa masa duk layukan da ke ɗauke da sunansa. A zuwa na uku wata ma'aikaciya ta juyo mana da fuskar kwamfutarta. Layi shida. Ɗaya nasa ne, ɗaya wanda aka yi bokal da shi, huɗu kuma suna aiki a hannun mutanen da bai taɓa gani ba. Kawu ya sa yatsa a kan gilashin yana ƙirgawa. Aka rufe biyar ɗin a gabanmu, na roƙi a ba mu shaida a rubuce mai ɗauke da kwanan wata da hatimi, aka ba mu. Na sa a leda na ce ya ajiye tare da takardar gida, domin ba mu san abin da aka riga aka faɗa ko aka karɓa da waɗannan layuka ba.

Yanzu in wani ya nemi katinsa, a wurin aika kuɗi ko wurin rajistar wani tallafi, ba ya bari a ɗauki hotonsa da waya. Fotokopi yake bayarwa, kuma sai an rubuta a tsakiyar takardar dalilin bayarwa da ranar. Wasu suna jin haushi, suna cewa tsohon nan ya cika ƙa'ida. Ɗaya daga cikin matan da suka karɓe yadinsu ta dawo da babbar salla, ɗayar ba ta dawo ba.

Na kuma rubuta masa koke zuwa hukumar kare bayanai a Yamai, shafi biyu, na bayyana komai har da maganar sauran katunan da ke cikin wayar mai lema. Na karanta masa da Hausa daga farko har ƙarshe. Ya saurara, ya gyara mini wuri ɗaya inda na rubuta damina uku maimakon biyu, sannan ya tambaye ni ko wannan takarda za ta sa a sake kama yaron. Na ce masa a kan tsarin rajistar muka yi kuka, ba a kan yaron ba, amma ba zan iya yi masa alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Ya naɗe ta biyu ya sa a aljihun keken ɗinki, ƙarƙashin zarurruka. Makon jiya da na biya ta shagon na tambaye shi, ya ce, "Tana nan, Mushe. Bari in gama kayan bikin nan."